Harajin Motocin Alfarma: Yadda Yake Aiki da Ko Akwai Adalci a Cikinsa

Duk lokacin da wata gwamnati ta ce za ta ɗora haraji na musamman kan motoci masu tsada, nan take mutane ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce ai tuntuni ya kamata a yi, wasu su ce hassada ce kawai aka sa wa rigar doka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin masu shirin sayen mota, da dillalai, da ma waɗanda ko keke ba su da shi amma suna son jin ko kuɗin zai amfane su. Alƙaluman haraji ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa aka haɗa yawancin adadin da shekararsa.

1. Mene ne harajin motar alfarma, kuma me ya raba shi da sauran kuɗaɗen da mai mota ke biya?

Ƙarin haraji ne da ke hawa kan mota idan kuɗinta ya haura wani adadi da doka ta yanke. Ba ya ɗauke wa mai saye komai. Zai biya kuɗin fito idan daga waje aka shigo da motar, ya biya harajin VAT, ya biya kuɗin rajista da na sabunta takardu kamar kowa, sannan wannan ya zo ya zauna a kansu. Sauran kuɗaɗen babu mai mota da ke tsallake su, shi kuwa wannan yawancin masu mota har su gama tuƙi a duniya ba za su taɓa biyansa ba.

Yadda ake karɓarsa ya bambanta. Ostireliya da Kanada da Sin suna karɓa sau ɗaya, ranar ciniki ko ranar shigowa da motar. Birtaniya da Italiya suna karɓa shekara-shekara. Akwai kuma ƙasashen da ba su da wani haraji mai wannan suna, amma harajin rajistarsu hawa-hawa ne, yana ƙaruwa da tsadar mota. A Denmak matakin ƙarshe kashi 150 cikin 100 ne, a Singafo kuwa tun 2023 ya kai kashi 320 cikin 100 a kan ɓangaren darajar motar da ya haura dalar ƙasar 80,000.

2. Wa ke yanke cewa wannan motar ta alfarma ce, waccan ba ta alfarma ba ce?

Farashi ne ke yankewa. Doka ba ta duba tambarin da ke goshin mota, ba ta tambayar ko kujerun na fata ne. Ana ja layi a wani adadi, duk motar da ta tsallake shi ta zama ta alfarma a idon hukumar haraji. A Ostireliya layin a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 dalar ƙasar 80,567 ne ga yawancin motoci, da 91,387 ga marasa shan mai. A Kanada dalar ƙasar 100,000 ne tun da dokar ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 2022. A Birtaniya fam 40,000 aka yanke a 2017. Sin ta fara da yuwan miliyan 1.3 a Disamba 2016, ta sauko da shi zuwa yuwan 900,000 a Yuli 2025.

Abin da hakan ke haifarwa shi ne, ƙaramar Mercedes-Benz tana iya wucewa lafiya lau, Toyota LandCruiser da aka saya don shiga daji ta faɗa tarko. Italiya ta bi wata hanyar, ta ɗaura harajin a kan ƙarfin inji: yuro 20 a shekara kan kowane kilowat da ya haura 185. Wannan yana kama motocin gudu, amma yana iya barin babbar mota mai ɗan karen tsada idan injinta bai kai adadin ba. Kowane ma'auni yana da inda yake yoyo. Duba tambaya ta 11 kan motocin aiki.

3. A kan dukan kuɗin motar ake lissafawa, ko a kan abin da ya haura layin kaɗai?

A nan gizo ke saƙar, domin rabin maganar adalci a wannan tambayar take. Ostireliya tana lissafawa a kan rarar kaɗai, don haka wanda ya haura layi da kaɗan, kaɗan zai biya. Kanada tana yin lissafi biyu, kashi 20 cikin 100 na rarar da kashi 10 cikin 100 na dukan farashin, ta karɓi wanda ya fi ƙanƙanta. Sin tana ɗora kashi 10 cikin 100 a kan dukan farashin, wato motar yuwan 899,000 ba ta biya ko sisi, ta 900,000 kuma ta biya 90,000.

Na Birtaniya ya fi kowanne ɗaure kai. Kuɗi ne tsayayye, fam 425 a shekarar 2025 zuwa 2026, ana biya tsawon shekara biyar daga shekara ta biyu da yin rajista. Mai motar fam 41,000 da mai motar fam 400,000 abu ɗaya suke biya. Harajin da aka ce don masu hannu da shuni aka ƙirƙiro shi ya koma ya fi nauyi a kan wanda ya lallaɓa ya tsallake layin da ƙyar.

4. A ba ni misali da alƙaluma.

Ɗauki tsarin Ostireliya, inda harajin yake kashi 33 cikin 100 tun 2008, kafin nan kuma 25 ne. Ana cire layin daga farashin motar, a cire harajin saye da ke cikin rarar, sannan a ɗauki kashi 33 na abin da ya saura. A aikace hakan yana zama kashi 30 cikin 100 na rarar. Motar dala 85,000 za ta biya kimanin 1,330. Ta 110,000 za ta biya kimanin 8,830, wajen kashi 8 cikin 100 na kuɗinta ke nan. Ta 300,000 za ta biya kimanin 65,830, kusan kashi 22 cikin 100.

A Kanada motar dala 120,000 tana biyan 4,000. Ta 200,000 tana biyan 20,000, kuma a daidai wannan wurin ne lissafin biyu suke haɗuwa. Daga nan zuwa sama harajin ba ya wuce kashi 10 cikin 100 komai tsadar motar.

5. Sabon abu ne da gwamnatocin zamani suka ƙirƙiro?

Ya girmi mota kanta. Ingila ta sa haraji kan kekunan dokin masu hali a 1747. Amurka ta yi irinsa a 1794, wani mutumin jihar Bajiniya mai suna Daniel Hylton ya ƙi biya, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 1796, tsohon sakataren baitulmalin ƙasar Alexander Hamilton ya tsaya wa gwamnati, kotu kuma ta ce harajin yana kan ƙa'ida. Hatta masanin tattalin arziki Adam Smith, wanda masu ƙin haraji suka fi son ambata, ya rubuta a 1776 cewa daidai ne kuɗin hanya da ake karɓa daga kekunan ƙawa ya ɗara na amalanken dako, don taƙamar masu kuɗi ta rage wa talaka tsadar jigilar kaya. Abin hawa a fili yake, ba ya shiga aljihu, shi ya sa mai karɓar haraji ya daɗe da sa masa ido.

6. Me ya sa mota? Ina gidaje, agogo, gwal da jiragen shaƙatawa?

Amsar gaskiya ita ce mota ta fi sauƙin kamawa. Ba a hawa da ita titi sai da rajista da lamba, tana da lambar jiki da ba ta canzawa, kamfanonin da ke ƙera ta da dillalan da ke sayar da ita sanannu ne, farashinta kuma a rubuce yake. Agogon da ya fi motar tsada mutum zai saya a wata ƙasa, ya ɗaura a hannu, ya wuce ta gaban jami'in kwastan yana gaishe shi.

Sai dai sauƙin kamawa hujja ce ta ma'aikacin haraji, ba ta gamsar da mai neman adalci. Kwamitin da ya yi wa tsarin harajin Ostireliya garambawul a ƙarƙashin Ken Henry, wanda aka fitar da rahotonsa a 2010, ya ba da shawarar a soke harajin, kuma cikin dalilansa har da wannan: shi kaɗai ne harajin alfarma da gwamnatin tarayya ke karɓa, ba a taɓa mai jirgin ruwa ko mai lu'ulu'u. Gwamnati ba ta ɗauki shawarar ba.

7. Mece ce hujjar masu cewa adalci ne?

Ta farko ita ce iya ɗauka. Wanda zai iya fitar da kuɗin gida sukutum ya sayi abin hawa, ƙarin kashi 10 ko 20 ba zai hana shi barci ba, alhali ƙarin kashi 1 kan man fetur ko abinci yana taɓa wanda ba shi da ko kwabo a ajiye. Ta biyu, harajin na ganin dama ne. Ba wanda aka tilasta wa sayen motar, kuma akwai wadda za ta kai shi inda za shi da rabin kuɗin.

Hujja ta uku ta fi zurfi, kuma ita ce masana tattalin arziki suka fi tattaunawa tun daga Thorstein Veblen, wanda ya yi rubutu a 1899 kan kashe kuɗi don a gani. Wani kaso mai yawa na abin da mai motar alfarma ke saya matsayi ne, wato ya fi na kusa da shi. Matsayi kuwa gwaji ne tsakanin mutane. Idan aka ƙara wa duk motocin saman tsada, wanda ke kan gaba yana nan a kan gaba, na biyu yana nan na biyu, ba wanda ya rasa girmansa, amma kuɗi sun shiga baitulmali. Robert Frank na Jami'ar Cornell ya daɗe yana kafa wannan hujja. Wani lokacin ma tsadar ita ce abin da mai sayen ke nema, domin motar da kowa zai iya saya ba ta kece raini.

Akwai ta huɗu, mai ƙarfi a inda hukumar haraji ba ta iya gano ainihin abin da mutane ke samu. Mutum zai iya ɓoye ribarsa a takarda, amma motar da ya faka a ƙofar gida kowa na ganinta.

8. To masu cewa zalunci ne fa, me suke kafa hujja da shi?

Babbar hujjarsu ita ce harajin yana bin yadda mutum ya kashe kuɗi, ba ya bin yawan abin da ya mallaka. A ɗauki mutum biyu. Ɗaya hamshaƙi ne, dukiyarsa tana cikin hannun jari da filaye, yana tuƙa tsohuwar mota mai araha. Ɗayan ma'aikaci ne da ya yi shekaru yana tari, mota ce kaɗai abin da ke faranta masa rai, ya cika da bashin banki ya saya. Na biyun zai biya, na farkon ko a jikinsa. Ƙa'idar adalcin haraji tana da fuska biyu: wanda ya fi samu ya fi biya, sannan masu samu ɗaya su biya ɗaya. Harajin motar alfarma yana ɗan cika ta farko, ta biyun kuwa yana karya ta ƙiri-ƙiri.

Suna kuma cewa ba aikin gwamnati ba ne ta zauna tana tantance wane jin daɗi ne ya halatta a bari, wane ne za a ci tara. Wanda ya kashe kuɗinsa a yawon buɗe ido ba a ce masa komai ba. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, kodayake ya fi dacewa ya zama dalilin faɗaɗa harajin zuwa sauran kayan ƙawa fiye da dalilin soke shi. Hujjar da ta fi rauni ita ce ta hassada. Ko da wasu masu goyon bayan harajin hassada ce ke cinsu, hakan bai nuna lissafinsu kuskure ba ne.

9. Na riga na biya haraji a kan albashina. Wannan ba karɓa sau biyu ba ne?

Sau biyu ne, amma haka kowane harajin saye yake. Kuɗin da mutum ya sayi sabulu ko katin waya da su an riga an cire musu harajin albashi, sannan ya biya VAT a kansu. Idan karɓa sau biyu ne laifin, to VAT ya fi cancanta a fara tuhuma, don shi har marar aiki yana biya. Abin da ya kamata a tambaya shi ne jimillar abin da mutum ya biya daga kowace kafa, idan aka auna da ƙarfinsa, ta yi daidai ko ta yi yawa.

Inda ƙorafin yake da tushe shi ne haraji a kan haraji. Wasu ƙasashe suna lissafa harajin alfarma a kan farashin da kuɗin fito ya riga ya kumbura, Kanada kuma tana lissafa harajin saye a kan farashin da harajin alfarma ya riga ya shiga. Wannan yana sa abin da aka biya ya zarce adadin da aka sanar wa jama'a.

10. Da gaske masu kuɗin ne ke biya, ko a kan wasu yake sauka?

Wanda doka ta ambata daban, wanda abin ya ci aljihunsa daban. Idan masu saye suka ci gaba da saye duk da ƙarin, su ne suka biya. Idan suka janye, nauyin ya koma kan dillali da ya rage ribarsa, da masana'anta, da ma'aikatanta.

Amurka ce misalin da kowa ke kawowa. A Nuwamba 1990 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu kan dokar kasafi da ta ɗora kashi 10 cikin 100 kan rarar farashin motocin da suka haura dala 30,000, jiragen ruwa sama da 100,000, jiragen sama sama da 250,000, da kayan ado da rigunan gashin dabbobi sama da 10,000. Cinikin manyan jiragen shaƙatawa ya faɗi warwas, masana'antu suka sallami kafintoci da masu fenti da makanikai, waɗanda ba su taɓa mafarkin mallakar jirgin ba. A 1993 majalisa ta soke harajin a kan komai ban da mota. Na motar an riƙa rage shi kaɗan-kaɗan daga 1996 har ya ƙare a ƙarshen 2002.

Sai dai masu kawo labarin sukan tsallake abu biyu. Tattalin arzikin Amurka ya shiga koma-baya a daidai lokacin, kuma cinikin jiragen ya fara sauka tun kafin dokar. Sannan mota ba jirgin shaƙatawa ba ce. Attajiri zai iya haƙura da jirgi ko ya saya a wata ƙasa ya ajiye a can, amma motar da zai hau kullum dole ta yi rajista a inda yake zaune. Shi ya sa na motar ya rayu shekara 12, na jirgin bai cika uku ba.

11. Manomi ko mai aikin daji da ke buƙatar babbar mota mai ƙarfi, shi ma ɗan alfarma ne?

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi kowanne gaskiya. Wanda ke zaune inda babu kwalta, yana jan tirela ko yana tsallake rafi, motar da za ta jure masa tana da tsada, kuma kayan aiki ce a wurinsa. Haka mai iyali da yawa, haka naƙasasshen da sai an yi wa motarsa gyara na musamman.

Dokokin da aka tsara da hankali suna buɗe ƙofa. Ostireliya ta keɓe motocin agajin gaggawa, da waɗanda aka gyara don ɗaukar keken guragu, da waɗanda aka ƙera musamman don dakon kaya. Manoma da masu harkar yawon buɗe ido kuma ana mayar musu da abin da suka biya har dala 10,000 kan motar da ta cika sharaɗi, tun daga 2019. Amma kowace ƙofa da aka buɗe wa mai buƙata, mai dabara ma yana bi. Keɓe motocin dako ya sa manyan a-kori-kura na Amurka masu kujerun fata da tsadar gaske suna shiga ba tare da harajin ba, yawancinsu kuma a cikin birni suke yawo bayansu wayam.

12. Me ya sa motocin da ba na alfarma ba suke ƙara faɗawa ciki?

Hauhawar farashi. Idan layi ya tsaya cak farashi kuma yana tafiya, wata rana motar iyali za ta iske shi. Fam 40,000 da Birtaniya ta yanke a 2017 kuɗin babbar mota ne a lokacin. Bayan 'yan shekaru motocin iyali da dama, musamman masu lantarki, suka kai wannan adadin, gwamnati kuma ta shafe shekaru ba ta ɗaga layin ba. Ta haka ake ƙara haraji ba tare da an je gaban majalisa an ce za a ƙara ba. Ostireliya tana ɗaga nata layin bisa ma'aunin farashi, kuma wannan ne mafi ƙarancin abin da ya kamata kowace doka ta tanada.

13. Ba don kare muhalli da gyaran hanya ake karɓarsa ba?

Ana faɗar haka, amma farashi mugun ma'auni ne na hayaƙi. Tsohuwar mota mai araha da injinta ya gaji tana iya fin sabuwa mai tsada gurɓata iska. Wanda ke son rage hayaƙi sai ya sa haraji a kan hayaƙin, kamar yadda Faransa ke yi, inda tarar mota mai fitar da iskar kabon da yawa ta kai yuro 70,000 a 2025, ga kuma wata tarar ta nauyi. Batun hanya ma haka ne. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 sun nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin taya ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkawa wajen sau 16. Manyan motocin dako ne ke cin titi, motar tsere mai tsada kusan ba ta yi masa komai.

Motocin lantarki sun ƙara rikita lissafin, domin batir yana sa su tsada tun daga masana'anta. Gwamnati sai ta tsinci kanta tana roƙon mutane su saya da hannun dama, tana cin su tara da na hagu. Nowe ta sami mafita mai ma'ana: ta daɗe ba ta karɓar VAT kan motocin lantarki, a 2023 sai ta fara karɓa a kan abin da ya haura kurona 500,000 kaɗai. Ostireliya kuma daga Yuli 2025 ta tsaurara ma'anar mota marar shan mai, daga lita 7 a kilomita 100 zuwa lita 3.5.

14. Idan motar hannu zan saya, harajin zai bi ni?

Ya danganta da irin tsarin da aka bayyana a tambaya ta 1. Inda ake karɓa sau ɗaya, mai sayen farko ya riga ya biya. A Ostireliya motar da ta wuce shekara biyu da ƙerawa a gida ko shigowa ta fita daga harajin idan aka sake sayar da ita, amma wanda ya shigo da tsohuwar mota mai daraja daga waje zai biya a bakin iyaka. A Birtaniya harajin yana manne da motar, kuma da farashinta na sabuwa ake aunawa. Wanda ya sayi mai shekara uku a rabin kuɗinta zai ci gaba da biyan ragowar shekarun, ko da abin da ya bayar bai kai fam 40,000 ba.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Ranar da aka sa wa sababbin motoci haraji, irinsu na hannu sukan ƙara daraja. Waɗanda suka riga suka saya kafin dokar, wato waɗanda suka fi daɗewa da kuɗi, su ne suka ci riba.

15. Ta yaya ake zille masa, kuma ana kama masu yi?

Hanyoyin sanannu ne. Akwai rage farashi a takardar shigo da kaya. Akwai sayen motar a ƙasa da layi, a dawo daga baya a ƙara mata kayan ƙawa. Kanada ta toshe wannan ta hanyar lissafa manyan gyare-gyaren da aka yi cikin shekara guda da saye. Akwai fakewa da lasisin dillali, mutum ya ce motar hajar sayarwa ce alhali ita yake kai yara makaranta da ita. Mafi shahara ita ce rajista a wani wuri. A Amurka jihar Montana ba ta karɓar harajin saye, don haka masu motoci masu tsada daga wasu jihohi suna buɗe kamfani na takarda a can su ɗauko lamba. A Italiya bayan an sa harajin ƙarfin inji a 2011, motoci masu lambar Jamus da Bulgeriya sun yawaita a tituna.

Ana kamawa idan an ga dama. A ƙarshen Disamba 2011 jami'an harajin Italiya suka dira garin shaƙatawa na Cortina d'Ampezzo, suka bi lambobin manyan motocin da aka faka, suka gwada da takardun harajin masu su. Sai ga mutane da dama da suka rubuta cewa abin da suke samu a shekara bai kai yuro 30,000 ba. Wannan samamen ya nuna wani amfanin motar da ya fi harajin kansa: tana nuna wa hukuma ƙofar da ya kamata ta ƙwanƙwasa. Harajin da shafaffu da mai ke zillewa, mai bin doka kaɗai ke biya, ya rasa duk hujjojin da ke tambaya ta 7.

16. Kuɗin da yake kawowa sun taka kara sun karya?

Ba sosai ba. Ostireliya, wadda nata yana cikin masu tsauri, tana samun wajen dala biliyan ɗaya a shekara, abin da bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Masu biyan kaɗan ne, kuma idan aka matsa adadin sama da yawa sai cinikin ya ragu, VAT da kuɗin rajista su ragu tare da shi. Duk ɗan siyasar da ya ce da wannan harajin zai gina asibitoci da makarantun ƙasa, a tambaye shi lissafi. Haɗarinsa ma shi ne ya zama abin rufe baki: a nuna wa talaka an taɓa masu manyan motoci, a bar harajin riba da na gidaje da na gado, inda ainihin dukiyar take, ba a taɓa ba.

17. Gaskiya ne cewa wata dabara ce ta kare masana'antun cikin gida?

Sau da yawa akwai wannan a ciki. Motocin da ke haura layi galibi na waje ne, don haka harajin yana aiki kamar kuɗin fito ba tare da an kira shi haka ba. Turai ta kai ƙarar Amurka kan dokar 1990 a ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki ta GATT, kwamitin da ya saurari ƙarar a 1994 kuma bai ga laifin harajin alfarmar ba. A Ostireliya harajin ya fara ne ranar 1 ga Yuli 2000, lokacin da Ford da Holden da Toyota ke ƙera motoci a ƙasar. Ford ta rufe a 2016, Toyota da Holden suka bi a Oktoba 2017, harajin kuma ya ci gaba abinsa, har ya zama ɗaya daga abubuwan da Tarayyar Turai ta riƙa matsawa a kai a tattaunawar cinikinta da ƙasar.

18. Motar da nake so tana dab da layin. Me zan duba kafin in biya?

Fara da sanin wane farashi doka ke aunawa, na takardar kamfani ko wanda aka yi ciniki a kai. A Birtaniya na takardar kamfani ne, har da kayan ƙarin da aka zaɓa daga masana'anta. Motar fam 39,500 da aka zaɓa wa fenti na musamman na fam 700 ta haura layi, kuma ko dillali ya yi ragin fam 3,000 ba zai dawo da ita ƙasa ba. Fentin fam 700 ya jawo fam 2,125 cikin shekara biyar, idan aka lissafa da adadin 2025. A inda ake lissafi kan rara kaɗai, irin wannan tsallakewar ba abin tashin hankali ba ce, kamar yadda misalan tambaya ta 4 suka nuna.

Sannan ka tambayi ranar da ake ɗauka, ta sa hannu a yarjejeniya ko ta miƙa makulli, domin idan motar ta yi wata shida a hanya layin ko adadin na iya canzawa kafin ta iso. Ka nemi dillali ya rubuta maka harajin a layinsa daban a takardar ciniki, tare da kuɗin kawowa da na kayan da aka ɗaura kafin a miƙa maka motar, don a Ostireliya duk waɗannan suna shiga lissafi. Idan kana cikin waɗanda ake mayar wa kuɗi, irin manoman da aka ambata a tambaya ta 11, wannan takardar ce hukuma za ta nema.